TSAKANINA DA KE: In Faya Ta Riga Naƙuda

  A wannan watan na ajiye zancen samari da kishiya gefe guda, don akwai maganar da ta fi su gaggawa.

A littattafan soyayya haihuwa ba ta wuce shafi ɗaya: ta dafe mara, faya ta fashe, sai ga santalelen yaro mai kama da ubansa. To a zahiri, kusan mace 1 cikin 10 fayarta kan fashe tun naƙuda ba ta fara ba. Ruwa ya zubo, amma babu ciwon mara, babu na baya. Wallahi rashin ciwon nan shi yake yaudarar mata.

Lokacin ɗibar tumatir na je gaida gwaggona a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya bi kanal, rani ya zama damina a yankin, maza suna gona tun asuba, wasu suna Kwanar Gafan wajen ciniki, gida sai mata da yara. A maƙwabta akwai yarinyar da ta zo goyon ciki, cikin fari, wata takwas. Yini guda tana sauya zane, tana zaton fitsari ne yake kufce mata, kunya ta hana ta magana. Da kakarta ta gani sai ta ce, "Ai zaƙi ne yake fita 'yar nan," aka jiƙa mata saiwa. Kwana na uku zazzaɓi ya rufe ta, sai a motar tumatir aka kai ta asibiti. Ita ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Allah Sarki!

Kin ga, faya jaka ce da ɗa yake kwance a cikin ruwanta, a rufe ruf, cuta ba ta samun hanyar shiga da sauƙi. Da zarar ta huje ƙofa ta buɗe, kuma duk awar da ta wuce ƙwayoyin cuta suna ƙara samun damar haurawa mahaifa, su kama uwa da ɗa. Wani lokacin cibiya kan biyo ruwan ta riga ɗa saukowa, kansa ya danne ta, jini ya daina isa gare shi. In kuwa cikin bai kai mako 37 ba, ga fargabar haihuwar bakwaini.

To yaya za ki bambance? Zaƙi yauƙi gare shi kamar kuɓewa. Fitsari yana da zarni, kuma in kin matse yana tsayawa. Ruwan faya tsinkakke ne, babu zarni, ko kin matse ba ya tsayawa. Wata ya ɓarke mata gaba ɗaya, wata ɗis-ɗis. In kina kokwanto, ɗauka shi ne.

Abu na farko, dubi agogo ki riƙe lokacin, don sai an tambaye ki. Ki yi ƙunzugu da auduga ko tsaftataccen ƙyalle, ki lura da launin ruwan. Sannan ki kama hanyar asibiti a ranar, kada ki ce sai ciwo ya zo. In ruwan kore ne, ko da jini, ko yana wari, ko jikinki ya yi zafi, ko motsin ɗa ya ragu, to ko tsakar dare ne a tashi mai mota. In kin ji cibiya ta sauko, kada a taɓa ta. Ki durƙusa kamar mai sujada, a haka za a kai ki.

Kada ungozoma ta sa hannu wai ta duba, kada ki yi matsi, kada ki zauna cikin baho, balle wanka a kanal. Maigida ya haƙura da shimfiɗa. Kada kuma ki yarda da allurar naƙuda a kemis ko a ɗaki, tana iya fasa mahaifa.

A Babban Asibitin Kura, ko wanda ya fi kusa da ke, za su duba ki, in ya fi ƙarfinsu su tura ki Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. In cikin ya isa haihuwa, mafi yawan mata naƙuda kan zo musu cikin awa 24, in ba ta zo ba a sa ruwan naƙuda. In bai isa ba, sai a kwantar da ke, a ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta har kwana 10, a yi miki allurar da ke ƙosar da huhun ɗa in cikin bai kai mako 34 ba. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fito a 2020, wanda aka yi a ƙasashe 5 har da Nijeriya, ya nuna allurar nan tana rage mutuwar bakwaini. Amma fa sai wadda ta je da wuri take samu.

Shawarata, tun ran gini tun ran zane. Tun ciki yana wata bakwai ki nemi izinin maigida cewa in abu ya taso ba ya nan, ki tafi. Ki ƙulle kuɗin mota, ki ajiye lambar direba, katin awonki ya zauna a jaka. Ke kuma 'yar makaranta, don Allah karanta wa yayarki da matar yayanki wannan shafin. Kunya ado ce ga 'ya mace, amma ba a ranar da faya ta fashe ba.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, taku har kullum.