Kimiyyar Siyasa Ko Tsanin Shiga G.R.A.?

Kowace shekara jami'o'inmu suna yaye ɗalibai masu digiri a kimiyyar siyasa. Sun haddace Aflaɗun da Hobbes da Locke, sun cika takardu da Turanci a kan rabon iko. Amma a tsayar da ɗayansu a Kasuwar Wunti, a ce ya fayyace wa mai sayar da tumatir, da Hausa, yadda kason ƙaramar hukumarsa yake tasowa daga Abuja da inda yake maƙalewa, sai gumi ya keto masa.

Ba mu ɗora wa yaran laifin duka ba. An koya musu cewa ƙarshen wannan karatu shi ne gida a G.R.A., unguwar da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu nesa da talakawa, wadda manyanmu suka gada, har suka ƙara wa katangunta tsawo. Wanda idonsa ke kan wannan ƙofa yaushe zai tuhumi na ciki?

Alhali kuwa a garin nan na Bauchi, a shekarar 1943, aka kafa zauren muhawara inda Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa ja-in-ja da hukuma gaba da gaba. Babu mai digirin kimiyyar siyasa a cikinsu. Duk da haka a zauren nan aka tambayi yadda ake ƙayyade albashin sarki, tambayar da ta yi zafin da bai daɗe ba aka rufe zauren. A 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. Ɗalibai nawa aka taɓa zaunarwa suka feɗe waƙar Zungur, "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", a matsayin nazarin tsarin mulki? Ko Kitabul Farƙ na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zayyana zaluncin masu mulki tun kafin Bature ya tako ƙasar Hausa? Sai a ce wai wannan aikin sashen Hausa ne ko na Larabci!

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jihar Bauchi tana da ƙananan hukumomi 20. Muna kira da kada a sa wa ɗalibi hannu a kundin digirinsa sai ya ɗauki guda, Ningi ko Misau ko Dass, ya bi sawun kasafinta na shekara, ya koma can ya karanta wa mutanen abin da ya gano da harshen da suke ji.