Abincin Da Ya Taɓa Ƙasa: Daga Lomar Tuwo Zuwa Shanyar Masara

Ya kai manomi, kuma ya kai malamin gona, akwai tambayar da ake yi a kowane gida amma ba kasafai ake kawo ta taron manoma ba: idan abinci ya faɗi ƙasa aka yi maza aka ɗauke, ana iya ci? Da yawa suna ganin hurewa ko karkaɗewa ta wadatar. Turawa ma suna da irin wannan zato, suna cewa muddin abinci bai wuce sakan 5 a ƙasa ba, ƙwayoyin cuta ba su kai gare shi ba. Ra'ayinmu shi ne saurin hannu ba ya tsare kowa. Abin dubawa shi ne irin ƙasar da abincin ya taɓa da kuma damshin da ke jikinsa. Wannan ma'auni kuwa ya fi shafar amfanin gonar da ka shanya a fili fiye da lomar da ta suɓuce daga akushi.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2016 masana a Jami'ar Rutgers ta Amurka sun shafa ƙwayoyin cuta a kan ƙarfe da tayil da katako da darduma, sannan suka riƙa yar da kankana da burodi da alewa a kai. Wani abincin bai cika sakan 1 ba aka ɗauke, wani sakan 5, wani sakan 30, wani har minti 5. Sun gano cewa ƙwayoyin suna iya hawa abinci tun kafin sakan 1 ya cika, kuma kankana ce ta fi kwasa saboda ruwan da ke jikinta. Daɗewa a ƙasa tana ƙara yawansu, amma ɗaukewa da wuri ba ta hana su hawa. Ka auna wannan da tsakar gidan da kaji da awaki ke kiwo a ciki, inda ake shigowa da takalmi daga turke ko makewayi.

Wani zai ce addini ya hana almubazzaranci, ya kuma koyar da a ɗauki lomar da ta faɗi. Gaskiya ne. Sai dai koyarwar ta zo da sharaɗin a gusar da ƙazantar da ta taɓa lomar, kuma malamai sun bayyana cewa abin da ya faɗa cikin najasa, ba ya kuma wankuwa, dabba ake ba. Don haka goro ko mangwaro ko lemo ana wanke su da ruwa mai tsabta a ci. Ɗanyen nama ana wanke shi a dafa sosai. Amma tuwo da miya, ko dafaffiyar shinkafa, ko yankakkiyar kankana da suka faɗi a turɓaya ba su da wanki. Kada a ba yaro ko mai juna biyu ko tsoho ko majinyaci.

Shanya a ƙasa

Abin mamaki, mutumin da zai ƙyamaci lomar da ta yi sakan 5 a ƙasa shi ne zai baza masara ko gyaɗa ko barkono ko rogo a gefen kwalta har kwana 5. Iyalinsa za su ci wannan abinci shekara guda, saura kuma ya shiga kasuwa. Haɗari uku ne ke tattare da haka.

Na farko funfuna. Akwai wata funfuna da mazauninta cikin ƙasa ne, wadda ke haifar da gubar da ake kira afulatoksin a jikin gyaɗa da masara, musamman idan akwai raɓa ko hatsin ya farfashe. An gano gubar ne bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin masara mai wannan guba. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, kuma cin ta kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru yana jawo ciwon dajin hanta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a nan ido ya gaza, domin hatsi na iya yin kyau a fuska alhali gubar na ciki.

Na biyu ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera. Garin rogo ko hatsin da ya kwana a buɗe a ƙasa gayyata ce gare shi, kuma garin kwaki sau da yawa jiƙa shi ake yi a sha ba tare da ya ga wuta ba.

Na uku abin da ke cikin ƙasar kanta. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda gubar dalma, bayan niƙan duwatsun zinariya ya gurɓata ƙasar tsakar gidaje, inda yara ke wasa suna kai hannu baki. Ƙasar kuwa a ido ba ta da bambanci da kowace ƙasa. Gefen titi ma yana da nasa: baƙin mai, hayaƙin motoci, kashin dabbobi da tsakuwa.

Abin da ya kamata ka yi

Za ka ce tamfol kuɗi ne, kuma kaka da kakanni a ƙasa suka yi shanya. Ka tuna cewa tamfol ɗaya yana aiki kaka da yawa, kuma ƙungiyar manoma na iya haɗa kuɗi ta saya ko ta gina dandamalin siminti. Inda babu hali, tabarma ko asabari a kan rumfa sun fi ƙasa nesa ba kusa ba. Ban da haka, hatsi mai tsakuwa da ƙura ba ya daraja a wurin mai saye.

Masarar da karanta ya kwanta ta taɓa ƙasa, da gyaɗar kala, a ware su daban, a tsince su da kyau kafin a haɗa da sauran. A kwashe shanya da yamma kafin raɓa ta sauka. A busar da masara har damshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari, gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. Idan babu na'urar awo, zuba hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba ka girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, shanya ba ta yi ba. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. Hatsin da ya yi funfuna a binne ko a ƙone, kada a ba kaji ko shanu, domin gubar tana fitowa a cikin nono. A gona kuma akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa kilo 10 a hekta mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure, yana rage gubar tun daga tushe.

Kai kuma malamin gona, kada ziyararka ta ƙare a ranar girbi. Ka leƙa masussuka da wurin shanya da rumbu, ka kuma isar da saƙon ga mata, domin su ne ke shanya kuɓewa da tumatir, su ne ke ciyar da yara. Wahalar damina guda na iya lalacewa a kwanaki kaɗan na shanya. Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin nan bai wuce shimfiɗa tsakanin abinci da ƙasa ba.