Kafin ka yarda da lambar da gwajin ƙwaƙwalwa ya ba ka

Akwai wata taswira da ke yawo a WhatsApp da TikTok, ta ɓace, ta sake dawowa. An shafa wa ƙasashen duniya launi gwargwadon abin da ake kira IQ, wato ma'aunin kaifin basira, kuma kullum Nijar da maƙwabtanta suna can ƙasa. A fada, a bakin shayi, na ga matasa sun rabu biyu a kanta. Wasu suka ce ƙaryar Turawa ce, gwajin gaba ɗaya shirme ne. Wasu suka yi tsit, kamar an karanta musu hukunci. A ganina duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Gwaje-gwajen tunani da halayyar ɗan Adam iri-iri ne, kowanne da ɗan abin da yake aunawa. Tiya tana auna hatsi daidai, amma ba mai auna yadi da ita.

Na basirar ya samo asali ne a Faransa. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka tsara tambayoyi don gano yaran lakwal da ke buƙatar ƙarin taimako. Binet da kansa ya ƙi yarda a ɗauki basira a matsayin abin da ba ya ƙaruwa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, kamar na David Wechsler da ya fara fitowa a 1939, suna duba sanin kalmomi, riƙe lambobi a ka, gane tsarin zane da saurin aiki. Abin da masu tura taswira ba sa faɗa shi ne, 100 ba wani nauyi ba ne da aka samu a cikin kai. Matsakaicin sakamakon mutanen da aka fara gwadawa ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Ke nan lambarka matsayinka ne a cikin sahu. Wane sahu? Idan an jera ɗan Tasawa da ya fara jin Faransanci a aji cikin sahun yaran Paris, rabin abin da aka auna harshe ne da sabo da takarda.

Masu bincike sun ga wannan da idonsu. A Laberiya an ba manoman ƙabilar Kpelle kaya su rarraba. Suka haɗa wuƙa da lemu, fartanya da dankali, domin da wannan ake aikin wancan. Mai binciken, Joseph Glick, yana jiran a ware kayan aiki gefe, abinci gefe. Da ya tambaye su yadda wawa zai raba kayan, sai suka raba su daidai yadda yake so.

James Flynn kuma ya nuna cewa a ƙarni na 20 sakamakon irin wannan gwaji ya yi ta hawa da kusan maki 3 duk shekara goma a ƙasashe masu masana'antu. Jinin mutane bai sake ba a cikin shekara hamsin. Makaranta ce ta yawaita, abinci da lafiya suka inganta. An ga irin wannan hawa a tsakanin yaran karkarar Kenya daga 1984 zuwa 1998. Ita kuwa taswirar, galibi tushenta aikin Richard Lynn da Tatu Vanhanen ne, waɗanda suka fitar da littafinsu a 2002. Ƙasashe da yawa a ciki ba a gwada kowa ba, an ƙiyasta musu lamba ne daga ta maƙwabta. Lambar da suka ba Equatorial Guinea ma, daga baya aka gano ta fito ne daga yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa da ke wani gidan kulawa a Spain. Wannan ce shaidar da wasunmu ke sunkuyar da kai saboda ita. Amma kada mu yi saurin tafawa: tamowa, ƙarancin sinadarin ayodin da barin makaranta da wuri suna rage wa yaro abin da zai iya, kuma wannan namu ne, ba sharrin kowa ba.

Sai gwajin sikoteknik, wanda mai neman aiki ke haɗuwa da shi a konkur ko a kamfani: jerin lambobi, domino, zanen da za ka cike, agogo yana gudu. Sojan Amurka ne suka fara yin irinsa ga ɗimbin mutane a 1917. Yana auna sauri da natsuwa a wani takamaiman aiki, kuma sabo yana ƙara maki. Wanda ya faɗi, ya nemi tsofaffin tambayoyi ya yi atisaye da agogo a gabansa, kada ya je gida yana cewa kansa ne babu komai.

Gwajin hali wani abu ne daban, ba a ci, ba a faɗuwa. Wanda matasa suka fi sani shi ne mai haruffa huɗu, MBTI, da Katharine Briggs da ƴarta Isabel Myers suka tsara, mai kasa mutane gida 16. Yana da daɗin hira, amma mutane da yawa idan suka sake shi bayan ƴan makonni sai su faɗa wani gidan. Ban ga dalilin fasa aure ko zaɓar sana'a saboda shi ba. Masana sun fi dogara da ma'aunin halaye biyar: son sabon abu, tsare alhaki, son jama'a, sauƙin kai da saurin shiga damuwa. Shi ba ya saka ka a akwati, yana nuna inda ka tsaya ne tsakanin ƙarshe biyu. Duk da haka abin da ka faɗa game da kanka kawai yake tattarawa. Su kuwa ɗigon tawada goma na Hermann Rorschach, na 1921, har yau ana gardama a kan fassararsu.

Irin da ya fi damuna shi ne wanda ba a turawa a WhatsApp: gwajin tantance lafiyar ƙwaƙwalwa. PHQ-9 tambayoyi tara ne a kan makonni biyun da suka wuce, barci, cin abinci, gajiya, yanke ƙauna, tunanin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da SRQ-20, tambayoyi 20 na i ko a'a, da aka tsara don ƙananan asibitoci. Ba su cewa wane mahaukaci ne. Ƙararrawa ce kawai, ma'aikacin lafiya ne zai zauna da mutum ya tabbatar. Ka tuna da saurayin da aka koro daga Aljeriya ya shigo ta Assamaka, ko uwar da ta gudo daga ƙauyenta a jihar Diffa. Ba za su ce suna da ciwon damuwa ba. Za su ce kai na ciwo, ƙirji ya yi nauyi, barci ya ƙi zuwa, a ba su ƙwaya su tafi. Minti biyar na tambayoyin nan, da Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci mai kyau, zai iya kama abin da awon jini ba ya gani. Idan muka yi watsi da gwaje-gwajen duka don haushin taswira, su ne za su yi asara.

Ga ƴan uwa da ke zaune a waje, maganar ta fi kusa. Makaranta a Faransa ko Beljiyam na iya neman a gwada ɗanka, sau da yawa da WISC, na yara masu shekara 6 zuwa 16, kuma sakamakon na iya shafar ajin da za a kai shi. Kada ka ƙi don tsoro, kada kuma ka sa hannu don kunya. Ka tambayi me ake son ganowa, da wane harshe za a yi, da su wa za a kwatanta shi, kuma an rubuta cewa Hausa ake yi a gida da shekarar da ya iso ƙasar. Ka nemi a ba ka rahoton a rubuce. Idan yaron bai daɗe da zuwa ba, ka roƙi a sake gwajin bayan harshen ya zauna masa.