Ƙiba Da Tamowa A Ƙarƙashin Rufi Ɗaya

Wanda ya tayar da zancen ƙiba a Adabka ko Gummi, mai yiwuwa a yi masa dariya. Za a ce masa a yankin da 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu, kuma ake kwantar da yara masu tamowa a asibitin Anka, wa ke da abincin da zai yi teɓa? Tambayar tana da nauyi, amma ilmin kimiyya ya nuna cewa tamowa da ƙiba 'yan gida ɗaya ne. Yaron da ya taso cikin ƙarancin abinci, jikinsa kan saba da tattalin duk abin da ya samu. Idan ya girma ya koma ga shayi mai zaƙi da burodi da taliya da lemon kwalba, ya fi takwarorinsa saurin tara kitse a ciki da kamuwa da ciwon suga da hawan jini.

Wannan yanki yana da wani dalili nasa na daban. A shekarar 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalma kan kwanta cikin ƙashi shekaru da dama, tana kuma lahanta ƙoda da ɗaga hawan jini. Yaran da suka tsira a lokacin su ne samari da 'yan matan yau, wasunsu ma suna ajin sakandare. Ƙiba a jikin da dalma ta riga ta taɓa, kaya ne a kan kaya.

Gane ƙiba bai buƙatar na'ura mai tsada. A auna nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa na mita sau biyu. Mai kilo 80 da tsawon mita 1.6, lissafinsa zai ba da 31. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, baligin da ya kai 25 nauyinsa ya wuce ƙima, wanda ya kai 30 kuwa yana da ƙiba. Akwai hanya mafi sauƙi: kewayen ƙugu kada ya wuce rabin tsawon mutum, kuma igiya ma ta isa a gwada wannan. Hawan jini shi ne mai wuyar sha'ani, domin yakan yi shekaru ba tare da alama ba, sai ran da ɓarin jiki ya shanye, sannan a ɗora wa iska ko sammu laifi. Awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya.

Darasin 2010 shi ne cewa magani kaɗai bai kawar da annobar ba. Sai da sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka sa baki aka fitar da niƙan dutse daga gidaje, mutanen gari suka kankare gurɓatacciyar ƙasa aka zuba sabuwa, aikin da ya isa Bagega a 2013. Irin wannan haɗin kai ake buƙata yanzu, kuma kuɗinsa bai kai na wancan ba.

Ya kamata kowane ɗakin shan magani na ƙauye ya mallaki na'urar awon jini da sikeli, a kuma riƙa fita da su ranar kasuwa, lokacin da mutanen rugage da ƙauyukan nesa ke shigowa gari. Kwamitin lafiya na mazaɓa zai iya tara kuɗin sayensu ba tare da jiran Gusau ba. Limamai na da damar tunatar da jama'a cewa Musulunci ya hana cika ciki. Ungozomomi da malaman Islamiyya mata su ne za su kai saƙon cikin gida, wurin masu riƙe da tukunya: a rage dunƙule da gishiri, domin abin da aka yarda wa baligi bai kai giram 5 a yini ba, wato kimanin ƙaramin cokali. Gero da dawa da wake da zogale da kuka sun fi kayan leda amfani, matuƙar ba a cika wa fura da kunu sukari ba.

Malaman kimiyya kuma suna da aiki a gabansu. Darasin lissafi da na ilmin halittu za su fi zama a zukatan ɗalibai idan aka ba su igiyar awo da sikeli suka auna junansu, sannan suka koma gida suka auna iyaye da kakanni bisa ladabi, ba tare da zolaya ko kunyata kowa ba. Ɗalibin da ya gano haɗarin da mahaifiyarsa ke ciki, ya kuma raka ta asibiti kafin ta faɗi, ya ci moriyar karatunsa tun bai karɓi takardar shaida ba.