Tafkin Madarumfa, dukiyar da ke bakin ƙofa

Idan aka tambayi ɗan Nijar wuraren da suka cancanci ziyara a ƙasarsa, abin da zai fara ambata shi ne gidan tarihi na Yamai wanda aka buɗe a 1959, ko raƙuman dawa na Kure, ko dogon masallacin Agadas. Duka waɗannan abin alfahari ne. Amma akwai wuraren da ba su yi suna irin wannan ba, alhali darajarsu ba ta gaza ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Madarumfa, wadda ke kudu da birnin Maraɗi, tafiyar da ba ta kai ta awa guda a mota ba.

Abu uku ne Allah ya haɗa wa wannan gari. Na farko tafki, wanda faɗinsa kan kai wajen hekta 800 idan damina ta yi kyau. Masunta suna kama tarwaɗa da karfasa a cikinsa, manoman rani suna ban ruwa a gefensa, makiyaya suna shayar da bisashensu, tsuntsayen ruwa kuma suna sauka nan da dari daga ƙasashe masu nisa. Na biyu dajin da hukuma ta keɓe kusa da tafkin. Na uku kuwa kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da ruwan, waɗanda jama'a ke zuwa ziyararsu tun kaka da kakanni, har daga ƙetaren iyaka.

Duniya ta san da zaman wannan dukiya. A shekara ta 2006 Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO sunan dajin da tafkin da kaburburan, cikin jerin wuraren da take fatan a sa su cikin kayan gadon duniya. A 2019 kuma aka shigar da tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda ke kare wurare masu dausayi. Sai dai takarda ba ta riƙe ruwa. Dutsen Ayar da Tenere sun shiga jerin gadon duniya a 1991, gandun dajin W a 1996, tsohon birnin Agadas a 2013. Madarumfa kuwa tana nan a bakin ƙofa tana jira.

Jiran nan yana da haɗari. Tafkin yana rayuwa ne da ruwan gulbi mai gangarowa daga ƙasar Katsina, kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, abin da ke isowa bai kai na da ba. Yashi da laka suna cike gindin tafkin a hankali, domin duk inda aka sare itace ƙasa ba ta da abin kamawa. Gatarin mai neman itacen girki bai bar dajin ya huta ba. Ga kuma ɓarayin daji da suka addabi ƙauyukan kan iyaka tun wajen 2019, abin da ya sa matafiya da dama suka ja da baya. Ranar da ruwan nan ya ƙafe, masunci zai rataye komarsa, mai lambu zai bar garkarsa, samari kuma su kama hanyar ci-rani.

Saboda haka ziyarar Madarumfa ba ta tsaya ga shaƙatawa ba, aiki ne na kishin ƙasa. Abin da mutum bai gani ba, ba ya jin ciwon ɓatansa. Gani kuwa ya kori ji. Yara nawa ne a makarantun Maraɗi suka haddace sunayen kogunan Faransa, amma ba su taɓa tsayawa bakin tafkin jiharsu ba? Ya kamata shugabannin makarantu su sa wannan tafiya cikin aikinsu na shekara, da shawarar jami'an tsaro, yara su ga kwalekwale da idonsu, su ji tarihin waliyyan daga bakin dattawan gari, su biya ta lambunan zogale na Jiratawa a kan hanya.

Haka nan akwai nauyi a kan hukumar gari da sarakunan gargajiya da ma'aikatan ruwa da daji. Su ne za su shinge kaburburan, su kafa alluna da Hausa da Faransanci, su horar da samari ƴan gari su zama masu yi wa baƙi jagora, su kuma sa a dasa itatuwa a gaɓar tafkin kowace damina. Zancen rabon ruwan gulbi kuwa na gwamnatocin Nijar da Nijeriya ne, kuma ƴan uwa ba su rasa hanyar fahimtar juna.

Lokaci yana ƙurewa. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. Ranar da jirgin ya fara kawo baƙi, za su tambayi abin da ƙasar nan take da shi na gani. Wajibi ne su tarar da tafki cike da ruwa, daji da inuwarsa, da mutanen gari masu iya ba da labarin abin da suka gada. Baƙo ba ya girmama abin da mai gida ya wulakanta.