Ba Kowane Ƙari Ne Jini Ke Tona Wa Asiri Ba

Akasarin sankarar maraina, wadda ta fi kama samari, daga ƙwayoyin haihuwa take tasowa, amma iri-iri ce. Bambancin yana bayyana a sinadaran maikuro-RNA, waɗanda gano su ya jawo wa Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel ta 2024. Ɗaya daga cikinsu, miR-371a-3p, yakan hauhawa a jinin mai seminoma, amma mai teratoma zalla jininsa ba ya nuna komai. Saboda haka, wannan gwaji kaɗai ba ya wanke majinyaci. Ita kuwa teratoma ba ta jin maganin sankara, sai tiyata. Ɗalibaina, duk wanda ya ji ƙullutu a marainansa, ko babu zafi, kada kunya ta hana shi ganin likita.