Rijiyar Soho da rijiyoyin unguwanninmu

A ƙarshen watan Agustan 1854 kwalara ta faɗa wa unguwar Soho da ke tsakiyar birnin Landan. Cikin kwana uku mutum 127 suka mutu, kafin kwana goma adadin ya kai kusan 500. Da annobar ta lafa an ƙirga gawa 616. Manyan gari da likitocin lokacin sun ce gurɓatacciyar iska ce, wato ɗoyin unguwa.

Wani likita, John Snow, bai gamsu ba. Ya karɓo sunayen mamata, ya bi gida gida yana tambaya: ina kuke ɗibar ruwa? Sai ga shi yawancin mamatan daga famfo guda suke sha, na titin Broad. Wani gidan gajiyayyu da ke kusa, mai mutum 535, biyar kaɗai ya rasa, don yana da tasa rijiya. Ranar 8 ga Satumba hukumar unguwa ta kwance hannun famfon. Daga baya aka gano ramin salga na wani gida bai kai mita ɗaya da rijiyar ba, kuma a cikinsa aka zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya mai zawo.

Gaskiya ne cutar ta fara sauƙi tun kafin a kwance hannun, don jama'a da dama sun gudu. Kuma da ƙura ta lafa hukumar ta mayar da shi, ta ƙi yarda da maganar Snow. To, wannan halin ne muke tsoro a nan gida.

Mun ga amai da zawo a jihar Maradi a 2018, mun sake gani a 2021. Duk lokacin sai a zuba maganin ruwa a rijiyoyi, a yi ta shela a rediyo, da abin ya wuce kowa ya kama gabansa. Rijiya na nan, salga na nan, tazararsu taku uku, damina kuma ba ta fasa zuwa.

Ba wai muna neman abin da ya fi ƙarfin hukuma ba ne. Ma'aikatun magajin gari su zaga unguwa unguwa kafin ruwa ya sauka, su auna tsakanin kowace rijiya da masai, su rufe wadda ta lalace, su kawo famfo a madadinta. Rufewa ba tare da madadi ba tura mata ne zuwa tafki. Masu unguwa su riƙa rubuta wanda ya rasu da inda gidansu ke ɗibar ruwa.

Mu ma iyaye mu daina ɓoye mara lafiya don kunyar a ce kwalara ta shiga gidan wane. Da mutanen Soho sun rufe wa Snow ƙofa, da ba a gane famfon ba.